Mataccen Iyafis

Mijin ƙanwata mai karanta mitar ruwa ne. Tun kafin ya auri Auta yake bin gidajen mutane da ƙugiyar ƙarfe a hannu, ya ɗaga murfi, ya durƙusa, ya leƙa, ya rubuta, ya ƙara gaba. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ni da ba na yabon mijin kowa, har da wanda na taɓa aura, nakan ce cikin mazan da 'yan gidanmu suka kwaso Mai Mita ne mai dama-dama. Ashe namu rabon yana nan an ajiye mana. Sai da furfura ta cika masa kai sannan bawan Allah ya gano wai shi mawaƙi ne, har ya kai ga shirin ajiye aikin da ya ba su gidan da suke kwana a ciki.

'Yarsu ce ta jawo mana. Da aka saya mata babbar waya za ta tafi makaranta, sai ta watsar da 'yar na'urarta ta jin kiɗa a cikin durowa. Abu bai fi akwatin ashana ba, ba gilashi ba rubutu, sai 'yan maɓallai da ɗan maƙali a baya irin na shanyar kaya. Uban ya tsince ta yana neman batirin tocila. Da maɓallin kunnawa kawai ya taɓa, da an zauna lafiya. Sai yatsansa ya faɗa kan jan maɓallin, wanda ke ɗaukar murya. Ya yi gyaran murya, ya kunna, ya ji kansa a cikin kunnensa. Shi ke nan, mun shiga uku.

Banɗaki ya fara mayarwa wurin ɗaukar waƙa, wai a nan murya ta fi fita. Ya kifa bokitin roba tsakanin ƙafafunsa, ya maƙala na'urar a wuyan singileti, ya yi ta bugu yana rerawa. Sau ɗaya na ji shi ta bayan ƙofa, ranar da na je kai musu zannuwan gadon da na goge. Wallahi na ɗauka famfo ne ya ɗauke ruwa yana jan iska. Na ce wa Auta, "Ke da mijinki yake kamfanin ruwa, ku sa a duba muku bututun nan mana." Ta toshe min baki da hannu tana zare ido.

Ba a daɗe ba ya kwashe kayansa daga banɗakin. Ya ce katangar maƙwabta ta yi kusa, duniya kuma ta cika da ɓarayin basira. Ni dai ban san ɓarawon da zai tsallake katanga saboda wannan kaya ba. Ya samu wani tsohon ɗakin injin famfo da aka daina amfani da shi a hanyar aikinsa, can yake shiga ya rufo ƙofa ya ɗauki sababbin waƙoƙinsa. A gida sai ɗan gunagunin da yake yi in yana wanka. Waƙoƙin kuwa mutum ɗaya tak ya amince ta ji, ita ce Auta.

Likita ne ya ce ta riƙa tattaki kowace safiya saboda hawan jini, shi kuma yake raka ta kafin ya wuce aiki. Shagona na wanki da guga yana kan hanyarsu, don haka ina ɗaga ƙofa nake ganinsu. Iyafis ɗin na'urar, wato abin sawa a kunnen nan, irin na da ne, wayarsa ɗaya gajera ɗaya doguwa. Na'urar tana maƙale a aljihun ƙirjinsa, saboda haka gajerar tasa ce, doguwar ta Auta, kuma ba a sauyawa. Shi ko yana shi kaɗai ba ya toshe kunne biyu, aikin mita ya koya masa barin ɗaya a buɗe saboda karnukan gidajen mutane. In sun dawo sai ya goge na Auta da hankici, ya naɗe, ya cusa a aljihu. Wannan nata ne, ko shi ba ya sawa.

Ku zo ku ga ikon Allah. Manya biyu da jikoki suka kusa zuwa musu, kafaɗa na gogar kafaɗa, waya ta ɗaure su kamar awaki a igiya ɗaya. Shi a gefen mota, ita a gefen katanga. Ba su isa su raba taku ba, in ɗaya ya yi sauri kunnen ɗaya ya ji a jikinsa. Masu keke da masu tura kaya sai dai su kewaye su. Matan layinmu suka mayar da su abin misali, kowacce ta koma gida ta tsare nata mijin da "ka ga mijin mutane?" Har mai gyaran takalmin da ke zama a gefen shagona ya roƙe ni in sa baki su sauya hanya, wai za su kashe masa aure.

Auta kuwa ta iya sauraro, wannan ba a ƙwace mata ba. Ta gyaɗa kai, ta lumshe ido, ta yi murmushi. Wata ranar ma na ga ta sa bakin mayafi tana share ƙwalla. Ni da na san abin da na ji ta bayan ƙofar banɗaki sai in riƙe haɓa. An ce so hana ganin laifi, ban san har jin laifi yake hanawa ba.

Ana nan ana nan, rannan da hantsi sai ga ta ta faɗo shagon ba sallamar kirki, ta zube a kan ƙunshin kayan wanki. Ina tsaka da goge farar rigar wani ma'aikacin banki.

"Yaya, Baban yara zai ajiye aiki."

"An kore shi?"

"Da ma korarsa aka yi, da na san da wa zan yi fushi. Shi zai ajiye da kansa, ƙarshen watan nan. Wai waƙa zai kama gadan-gadan."

"Gidan fa? Ba na kamfani ba ne?"

"Ranar da ya ajiye, ranar za su karɓi makulli."

"Fanshon fa, da ya rage masa ƙiris?"

"Ya ce wanda Allah ya ba baiwa ba ya zaman jiran fansho."

Na ce, "Baiwa? Wane mara tsoron Allah ne ya ce masa yana da baiwa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da maɓallin wata riga. "Ni."

Ashe shi da kansa ya gaya mata cewa bai taɓa yarda da muryarsa ba sai da ya ga yadda waƙoƙin suke taɓa ta. Ya ce mace mai hankali irinta ba za ta yi kuka a kan shirme ba, kuma in mutum ɗaya ya yi kuka, dubu ma za su yi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na hau ta da faɗa, na ce ita da kunnenta lafiya lau, ta bari ƙarar bututu ta sa ta hawaye, yanzu ga shi za ta kwana a titi da katifarta a ka. Na ce wannan shi ne sakin reshe kama ganye, ganyen ma busasshe. Ta bar ni sai da na gaji don kaina.

"Yaya, ban taɓa jin su ba."

"Ba ki taɓa jin me ba?"

"Waƙoƙin. In ban da na bokitin nan na farko. Iyafis ɗina matacce ne."

Ga yadda aka yi. Tun farkon fara tattakinsu, wata safiya suna fitowa, doguwar wayar ta sarƙe a sakatar ƙofa, ita kuma ta fizgo. Ta ji ƙirit a kunnenta, daga nan ɗif. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta ji kukan tsuntsaye. Ta ji tsintsiyar mai sharar titi, ta ji takun ƙafarta. Kanta ya yi sakayau kamar an sauke mata kaya. Ta ce a ranta bari dai ta huta yau ɗaya, gobe ta faɗa. Goben nan ce har aka shekara aka ɗora.

Na ce, "To gyaɗa kan fa? Da me kike sanin inda za ki gyaɗa?"

"Fuskarsa nake kallo ta gefen ido. In girarsa ta ɗaga, an zo wajen da yake ji da shi, sai in gyaɗa. In ya fara taɓa cinya da yatsu, in yi murmushi. In leɓensa ya fara rawa, in jawo mayafi."

"In ya tambaye ki inda ya fi miki daɗi fa?"

"Sai in ce wajen ƙarshen nan. Ai kowace waƙa tana da ƙarshe."

Na yi dariya har na durƙusa, har sai da ƙauri ya tashi. Wuyan rigar ma'aikacin banki ya tafi, hoton dutsen guga ya fito a kai raɗau. Auta ko murmushi ba ta yi ba, gidanta take gani ana kullewa.

Da na nutsu na ce ta je ta faɗa masa gaskiya yau-yau. Ta ce harshenta ba zai ɗauka ba. Na ce to ta ce masa waƙoƙin ba daɗi. Ta ce bayan ta yi kuka a kansu? Na ce ta sace na'urar ta saurara, ko da akwai abin kirki a ciki ba mu sani ba. Ta ce da ita yake kwana, maƙale a singileti, hannunsa a kai.

Na ce, "Tashi ki tafi gida, ki bar ni da shi."

A danginmu in ana neman wanda zai faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa, ni ake aikowa. Ni na gaya wa kawunmu a gaban baƙi cewa rinin gashin bakinsa yana zuba a kofin shayi. Mai Mita kuwa ai ɗan ƙaramin aiki ne. Dabarar mai sauƙi ce, na shimfiɗa wa Auta ita kafin ta fita. Gobe zan tare su a ƙofar shago, in ce a matsayina na babbar yaya sai na ji waƙar da za a ajiye aiki dominta. Zai ba ni doguwar wayar. Ina sawa zan ce da ƙarfi, "Ni fa ba na jin komai." Sai mu ce yanzu ta mutu, a kunnena. A sayo sabo, in saurara da gaske, in gaya masa abin da Allah ya nufe shi da ji. Auta ta fita da hannunta fes, gida ya tsira, ni in ɗauki baƙin jinin, da ma na saba.

Washegari na riga su fitowa. Na tsaya a bakin hanya na riƙe ƙugu. Mai gyaran takalmi yana jera kayansa, da ya ga tsayuwata sai ya fasa, ya gyara zama. Ga su nan tafe a igiyarsu, Auta tana gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa.

Mai Mita ya danna ya tsayar da waƙar, ya ɗan rusuna. "Yaya, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Da sauƙi dai. Na ji an ce za ka ajiye aiki."

"In Allah ya yarda, Yaya."

"To kafin ka fito min da ƙanwa titi, ina son in ji abin da za ku riƙa ci. Ba ni in saurara."

Na zata zai ƙi. Ya dubi Auta, ta kau da kai tana karanta wata takarda da aka manna a katanga. Sai ya sa hannu a hankali ya zare iyafis ɗin daga kunnenta, ya ciro hankici ya goge, ya sake gogewa, ya miƙo min da hannu biyu.

"Yaya, ke ce ta biyu a duniya."

Ya shiga danna maɓalli yana ƙirge da leɓe, tunda abin ba gilashin da zai nuna inda aka kwana. "Wannan ce na fi ji da ita," in ji shi. "Ta Auta ce. Kullum da ita muke rufe tattaki."

Wayar ko da ake ce mata doguwa ba wani tsawon kirki gare ta ba, dole na matsa har ina jin ƙanshin sabulun wankansa. A haɓarsa akwai inda reza ta yanke shi, ya liƙa ɗan guntun takarda ya manta bai cire ba. Na cusa abin a kunne. Shiru, kamar yadda aka gaya min. Na ja numfashi, na buɗe baki, maganar tana kan harshena.

Sai na yi kuskuren kallon fuskarsa. Mutumin nan ya kafa min ido irin na wanda ke jiran sakamakon asibiti. Leɓensa yana bin waƙar a hankali, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ga ɗan guntun takardar nan yana rawa a haɓa. Girarsa ta ɗaga. Allah ya isa tsakanina da wuyana! Ban aike shi ba, na ji kaina ya gyaɗu da kansa.

Daga ka gyaɗa sau ɗaya kuwa ka shiga. Ba za ka gyaɗa kai ba sannan ka ce ba ka jin komai. Ya taɓa cinya da yatsu, na yi murmushi. Ni, da girmana, a bakin titi, gaban mai gyaran takalmi, ina lumshe ido ina rangaji a kan shiru. Da leɓensa ya fara rawa har na kai hannu ga ɗankwalina, Allah ya taimake ni na tuna ko ni wace ce. Can ya sauke ajiyar zuciya ya danna, na gane an gama.

"Yaya?"

Na ce, "Ba laifi." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ji bakina ya ƙara, "Musamman wajen ƙarshen nan."

Wallahi kamar an kunna fitila a cikin mutumin. Ya juya wajen matarsa. "Auta, kin ji? Yaya ce fa! Yaya da ko shayin gidanmu ba ta taɓa yabawa ba!" Ya tafa hannu. "To me kuma nake jira? Wane ƙarshen wata? Yau ina shiga ofis wurin shugaba zan fara zuwa."

Kallon da Auta ta yi min, tun muna yara ban taɓa ganin irinsa a idonta ba. Garin neman gira an rasa ido. Na tsaya riƙe da mataccen iyafis kamar wadda aka ba ajiya.

Auta ce ta motsa, Autar da ko kuɗin cefane ba ta iya tambaya sai ta yi kwana-kwana. Ta kai hannu aljihun ƙirjinsa ta ɓalle na'urar. Ya zabura. "Auta, mene ne haka?" Ta maƙala ta a wuyan rigarta, ta zare gajerar wayar daga kunnensa ta sa a nata, ta karɓi doguwar daga hannuna ta miƙa ta cusa masa.

"Baban yara, yau kai ka ji da nawa. Sake kunna ta."

Ya yi dariya, ya ɗauka wani salon soyayya ne. Ya kai yatsa ya danna.

Ya jira. Ya ƙara tura iyafis ɗin cikin kunne. Ya cire ya hura ya mayar. Murmushin yana nan a fuskarsa amma ba kowa a bayansa. Sai ya shiga bin wayar da yatsu biyu tun daga kunne, a hankali, yadda yake bin bututu in yana neman inda ruwa ke yoyo. A tsakiya ya tsaya. Wurin ya lanƙwashe, robar ta tsage, bakin tsagar ya yi baƙi da datti.

Na yi maza na ce, "Af, ka ga yanzu ya mutu ke nan, ina cirewa."

Bai ko ɗago ba. "Yaya, aikina ke nan gane abin da aka taɓa jiya da wanda aka taɓa bara. Wannan karayar ba ta yau ba ce." Ya dubi matarsa. "Tun yaushe?"

Auta ba ta ji shi ba. Ta dafe kunnenta da tafin hannu, idonta a ƙasa, a karon farko tana sauraron mijinta. Sai da ya maimaita.

"Tun na bokiti," in ji ta.

"Na bokiti." Ya jinjina kai. "Wadda na yi wa marigayiya mahaifiyata fa, da kika yi kuka har muka tsaya a hanya?"

"Na ga kana yi ne."

"Wadda kika ce in maimaita miki sau biyu fa?"

"Na ga kana son in ce haka."

Ya juyo gare ni. Ba fushi a fuskarsa, da akwai da na fi jin daɗi, don na san yadda ake yi da fushi. "Yaya, ke ma?"

Na ce, "Ni yau na fara."

Mai gyaran takalmi ya cusa fuskarsa cikin wani takalmi yana tari. Ban ga abin dariya ba, na kuma ajiye masa nasa a raina.

Sai Auta ta fashe da kuka. Ba irin na bakin mayafin nan mai tsafta da ta saba ba, kuka na gaske, mai majina, baki a karkace, a tsakiyar titi mutane suna wucewa. Ta kama wuyan hannunsa. "Tsaya mana, bari ta ƙare. Don Allah bari in ji ƙarshen."

Ya sa yatsa ɗaya a kan na'urar da ke wuyanta ya kashe. Ya zare doguwar wayar daga kunnensa, ya ciro hankici ya goge ta, don hannunsa ya riga ya saba, ya naɗe, ya buɗe tafinta ya ajiye mata. Ya duba agogo.

"Bari in je kar in makara," in ji shi. "Yau layin masu karnuka gare ni."

Ya tafi. Bai je wurin shugaba ba, ranar ko wata rana. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, makulli yana hannunsu, fansho yana tafe. Na ce wa Auta ta gode wa Allah, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ta ce min, "Yaya, don Allah ki yi shiru." Auta ce fa take ce min in yi shiru.

Na'urar bai sake karɓa ba, bai kuma sake tambayarta ba. Bayan 'yan makonni ta zo da ita shago, ta zauna a kan ƙunshin kayan wanki, ta miƙo min gajerar wayar. Na sa. Muryar dai tana nan yadda na faɗa, ba zan janye ba ko a gaban alƙali. Bokitin ne kawai aka sauya da wani tanki mai amsa kuwwa. Yana ja yana shaƙewa, in ya hau sama sai ka ji tausayin maƙogwaron. Ga abin da yake cewa:

Mita nake karantawa, ni ba mai karanta ni,
Gida nawa na shiga, ba wanda ya ce in zauna,
Duniya ta toshe kunne, ke kika ba ni naki,
Auta, in kina ji na, me zan yi da saura?

Na saurara har ƙarshe. Na cire na miƙa mata, na ɗauki dutsen guga, don idona ya fara yi min wani iri kuma ba na son raini.

Na ce, "Muryar fa ba ta da daɗi."

"Na sani," in ji ta. "Tun na bokiti na sani."

Yanzu ta haddace su kaf. Da na'urar take wanke-wanke, da ita take shara, ɗaya wayar tana lilo a ƙirjinta. Takan rera su a kicin da ɗan ƙarfi ko zai tanka. Daga falo sai ya ce, "Auta, rage murya, akwai maƙwabta." Ta sayo sabon iyafis mai wayoyi daidai wa daida ta ajiye masa a kan matashin kai. Ya yi mata godiya sosai, kamar yadda ake yi wa baƙo, ya kai shi durowa wajen batiran tocila. In ya shiga wanka ba ka jin komai sai zubar ruwa. Ta ce min wani lokaci takan tsaya a bayan ƙofar da tawul a hannu, wai ko gunagunin nan zai dawo.

Ni dai ban ga laifina ba. Gida na ce zan tsare mata, gida kuma yana nan, ko kwano ba a fitar ba. Wanda ya ga akwai wata hanyar da ta fi wannan, da ya zo ya tsaya a gaban fuskar nan da guntun takarda a haɓa, mu ga nasa wuyan.

Tattaki ba su fasa ba, likita bai janye maganarsa ba. Ina ɗaga ƙofar shago nake ganinsu, shi a gefen mota, ita a gefen katanga. Yakan rusuna ya ce, "Yaya, ina kwana?" in amsa, ya wuce da hannuwansa a baya. Matan layi sun daina ba da misali da su, mai gyaran takalmi har ya yi min gyaran silifa kyauta, wai aurensa ya zauna. Da farko tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi ta jakar hannu ba. Shekaranjiya ina shanya labule na ga wani mai keke ya taho ta bayansu, ya ratsa ta tsakaninsu ya wuce abinsa, ko ƙararrawa bai buga ba.